Kujerar da Amarya Ta Jiƙa

Kwanan baya ɗana ya turo mini wasu samari su wanke kujerun falo. Suka zo da wani inji mai dogon hanci, yana gurnani kamar injin markaɗe, ya fesa kumfa ya zuƙe abarsa, kafin in gama tankaɗen garin tuwo wai har sun gama. Na shafa na ji ƙamshi, ba laifi. Na tambayi babbansu ko ruwan ya ratsa har ciki. Ya yi mini murmushin nan da yaran yanzu ke yi wa tsofaffi, ya ce, "Hajiya, ai ba a jiƙa ciki, lalacewa shika yi." Daga nan idonsa ya kai kan tsohuwar kujerar da ke ƙuryar ɗakina, mai karkataccen mazauni, ya ce ko su fitar mini da ita waje tunda ta gama aiki. Na ce ya naɗe igiyar injinsa ya kama gabansa. Tun ranar nake ta tuna zamanin da kujera ke da daraja a gida, da tsohon da ya zauna a kan wannan.

Ni 'yar Bodinga ce. Aure ne ya kai ni Shagari, inda maigidana ke koyarwa a firamare, daidai lokacin da farar hula suka karɓi mulki, ɗan garin ya zama shugaban ƙasa. Garin ya cika da motoci da baƙi, kowa na ganin arziki ya iso ƙofar gida. Malamin makaranta a lokacin ba ƙaramin mutum ba ne, ga keke, ga rediyo, ga agogo a hannu ko da ba shi da inda za shi. Cikin wannan yalwa ne maigidan ya sayo kujerun kushin daga Sakkwato, doguwa da ƙanana biyu, masu yadin karan-miski ruwan ganye da hannuwan katako. Ranar da akori-kura ta sauke su, matan gidajen malamai suka yi ta shigowa gani. Wata ta ɗosana mazaunanta a baki-baki, da ta ji tana nutsewa ta yi zumbur ta miƙe tana salati. Ni kuwa ina tsaye gefe, ina yi kamar abin bai dame ni ba, alhali kaina ya kusa taɓa rufin ɗaki.

Kula da su aiki ne mai zaman kansa. Duk ranar Alhamis da hantsi nakan ja su tsakar gida su sha rana kaɗan, ba da yawa ba don kada launin ya koɗe, sannan in ɗauko tsumagiya in shiga bugu. In ka ji fab, fab, fab na tashi daga gidajen malamai, ka san gobe Juma'a, don duk mai kushin a layin ranar take yi, kowacce na so a ji nata ya fi ƙara. Bayan bugu sai buroshi, a bi kwanciyar gashin yadin a hankali, in aka saɓa masa sai ya yi dabbare-dabbare. A goge hannuwan da tsumma da ɗigon man gyaɗa har su yi sheƙi. A kifa kujera a leƙa lungunan ɗinki ko kuɗin cizo ya yi gida, a zagaye ƙafafun da toka saboda gara, a tura kaskon turaren wuta ƙarƙashi hayaƙin ya shige ta. A ƙarshe a ɗora fararen ƙyallayen da muka saƙa da kwarashi a majingina, saboda man kan baƙi. Yara kuwa ko kusa ba sa zuwa. Innata in ta zo daga Bodinga a ƙasa take zama ta jingina da doguwar, ta ce ita ba ta yarda da abin zaman da ke haɗiye mutum ba. Yau jikokina a kan kujera suke cin taliya da manja, su goge hannu a jikinta, uwarsu na kallo tana latsa waya.

Ana nan sai maigidan ya ɗauko mahaifinsa daga Horo Birni. Baba Malam muke ce masa. Malamin zaure ne, ya yi ta karantarwa a kan buzu har gwiwoyinsa suka gaji da shi. In ya zauna a ƙasa ba ya iya tashi sai an ɗaga shi. An kawo shi wurinmu ne don ya kusanci asibiti, inda ake yi masa allura ana ba shi man shafawa, aka sauke shi a ɗakin gaba inda kujerun suke. Da fari ya ƙi su ƙememe, ya ce kayan Nasara ne, masu sa mutum kasala. Sai wata rana da ba kowa ya gwada ɗaya daga cikin ƙananan. Ya dafa hannuwanta, ya yunƙura, sai ga shi tsaye ba tare da ya kira kowa ba. Ina hango shi ta asabari bai sani ba. Ya zauna, ya tashi, ya sake zama, ya sake tashi, yana dariya ƙasa-ƙasa shi kaɗai. Tun daga ranar kujerar ta zama tasa. A kanta yake duba littattafansa, a kanta yake karɓar masu zuwa gaisuwa, in an kira salla ya miƙe da kansa ya yi alwala, ya dogara sanda zuwa masallacin ƙofar gida, inda akwai maza masu kama shi in an idar.

Tsakanina da shi kuwa sai gaisuwa a durƙushe, ido a ƙasa. Suruki ne, kuma mu a lokacin kunyar suruki ba wasa ba ce. Ban taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba, ban taɓa doguwar magana da shi ba, shi ma bai taɓa kiran sunana ba. Da na haifi 'yar farina sai Allah ya ba mu tafinta. Baba Malam ya laƙaba mata Amarya, irin wasan nan na kaka da jika, ya ce ya yi sabon aure cikin tsufa. Duk abin da yake so in ji, ita yake faɗa wa, tun ba ta iya riƙe wuya ba. Sai in ji ya ɗaga murya daga ɗaki: "Amarya, ki hwaɗa ma mutanen gidanga hurar jiya ta yi daɗi, sai dai yajin ya yi ma tsoho yawa." Ni kuma daga bakin murhu in juya in ce wa goyon da ke bayana, "Ki ce mai an ji, gobe a rage." Haka muke hira, wani lokaci har da gardama, yarinya na ta tsotsar yatsa ba ta san ita ce alƙali ba. Ina son tsohon nan ƙwarai, ko da yake a lokacin ko a zuci ba zan iya faɗin haka ba.

Daɗin bai daɗe ba. Tun kafin sojoji su dawo albashi ya fara tsallake watanni, bayan sun dawo abin ya ƙara tsanani. Sabulu da madara da shinkafa sai an yi layi, layin ma sai mai rabo. Ga damina ta yi gardama, gero ya bushe a tsaye. Rediyo ta fara tafiya, keke ya bi ta, sannan wata ranar kasuwar Bodinga aka ɗora doguwar kujera da ɗaya ƙaramar a mota. Na tsaya ina kallon gurbinsu a ɗaki, inda toka ta bar zagaye a ƙasa. Ta Baba Malam kaɗai ta rage, don ko da wasa ba wanda ya kawo zancen sayar da ita.

Cikin bazarar da ta biyo baya abin ya faru. Yana riƙe da Amarya aka kira azahar, sai ya kwantar da ita a mazaunin kujerar ya ce, "Riƙe man sarauta in komo." Kafin ya dawo daga alwala ta yi abin da jarirai ke yi, kuma ba kaɗan ba, soso ya shanye shi tas. Dariya ya fara yi, ya ce amarya ta yi masa juyin mulki ita ma. Amma da ya dawo daga masallaci sai ya shimfiɗa buzunsa a ƙasa ya zauna.

Ba abin da ban yi ba. Na barbaɗa toka ta tsotse laimar, na goge da guntun sabulun salo da nake ta lallaɓawa, na bi da lemun tsami, na shanya, na turara. Ko tabo babu, ko wari babu. Baba Malam bai koma kanta ba. Da ɗansa ya yi masa magana ina jin su daga tsakar gida. Ya ce, "Ba ƙyama ta ba. Wari ya tahi, amma najasa na nan ciki. Abin da ruwa bai ratsa yah hita ba, bai tsarkaka ba. Da wace riga za ni tsayawa gaban Ubangijina?" Maigidan ya ce ai tunda ta bushe ba za ta kama tufa ba. Tsoho ya ce, "Na san wanga tun ba a haihe ka ba. Ka taɓa ganin tsoho busasshe cikin bazara? Ga gumi, ga laimar alwala." Aka ce to a shimfiɗa leda da buzu a kai. Ya ce ya san ya halatta, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba, shi kuwa ba ya buɗe littafi a inda zuciyarsa ba ta kwanta ba. Aka kawo benci, aka kifa turmi, duk ba su da hannun da zai dafa. Taurin kan Baba Malam kuwa, Allah ya jiƙansa, ko jaki albarka.

Sai ya koma yadda yake a da, in zai tashi sai ya jira mai wucewa ya kira shi. Wata azahar rana ta take, titi ba kowa, maigidan yana makaranta. Aka kira salla. Na ji nishinsa daga ɗaki, na ji tafin hannunsa na zamewa a jikin bango, na ji sandar ta faɗi. Ina tsaye bayan asabari, ƙafata ta ƙi shiga, don ban san ta inda mace ke fara taɓa surukinta ba, kuma na san in ya gane na gan shi a haka abin zai fi gwiwar yi masa ciwo. Can sai na ji ya yi taimama a bango ya ta da kabbara daga zaune. Da yamma ya ce wa ɗansa ranar kasuwa mai zuwa a sa shi a mota a mai da shi Horo Birni, can akwai 'ya'yan 'yan'uwa masu ɗaga shi. Kowa ya san halin da Horo Birni ke ciki a shekarar. Rumbuna wayam, majiya ƙarfi sun fita ci-rani, ba allura ba magani. Na san in ya tafi ba zai ga damina ba.

A makon ne aka kira malamai Sakkwato wai za a tantance su. Kafin maigidan ya tafi na tambaye shi ko za a kai kujerar wurin masu gyara su buɗe ta. Ya ce masu gyara suna birni, kuma na fi kowa sanin ba hali. Ya ƙara da cewa kada in taɓa ta, ita kaɗai ta rage mana da za a nuna. Na ce to. Yana fita na ja ta tsakar gida kamar yadda na saba ranar bugu, na kifa ta, na ɗauko wuƙa na fara ɓamɓare ƙusoshi. Maƙwabciyata Yaya Ige, matar malamin asibiti, ta leƙo ta katanga ta riƙe baki. "Ke ɗiyar nan, mi kike yi haka? Kujerar da anka ɗauko da mota tun daga Sakkwato za ki hwarkewa awa buhun gero? In mijinki ya komo ina za ki sa kanki?" Na ce ni ma ban sani ba. Ta yi faɗanta ta gaji, ta ɓace, sai ga hannunta ya sake ɓullowa da filayar mijinta ta cire ƙusa.

Ban taɓa ganin cikin kujera ba sai ranar. Ashe duk girman nan katako ne da sifirin da buhun algarara, sai soso a sama. A lungu na tsinci ƙwallon dabino da 'yar tasbaharsa da ta ɓata tun kaka. Da na ɗaga yadin na ga soson, sai na ga tsoho ya yi gaskiya, ga shatar abin nan ta nutse har ƙasa. Ruwa kuma a lokacin ya fi mai wuya. Rijiyar bayan gidajenmu sai an yi sammako, hantsi na yi sai laka. Na yi ta jido ina zubawa a randa ya kwanta, don na san ruwan da ya gurɓace ba zai karɓu ba. Washegari na ɗora soson a kan kifaffen kwando daidai inda zai iya hangowa daga buzunsa, na zaunar da Amarya a tabarma, na ɗauki buta.

Na ce, "Amarya, kin gani ko? Ruwan rijiya na, ba sabulu cikinai. Ga shi shina shiga ta bisa shina hita ta ƙasa." Na yi ta zubawa ina matsewa har abin da ke ɗiga ya koma garau. Daga ɗaki na ji gyaran murya. Can ya ce, "Amarya, tambayi masu aiki, yadin hwa?" Na ce, "Ki ce mai ga shi bisa igiya, an ɗauraye shi da ruwa tsantsa." Ya ce, "To buhun da ke ƙasa, da katakon?" Na dubi randar da ta kusa ƙarewa, na dubi tuwon dare da ban san da me zan dafa ba, na ce, "Ki ce mai yanzu za a bi su." Na tuttule sauran a kansu. Sai na ji yana karatu da 'yar murya, irin wadda rabon da in ji ta tun kafin ya koma ƙasa.

Rana ce ta ba ni kunya. Soson ya riga ya tsufa, da ya sha ruwa ya sha zafin bazara sai tsakiyarsa ta fara zuba kamar busasshen burodi. Ina taɓawa yana marmashewa a hannuna. Na zauna dirshan a tsakar gida. Ga kujera a warwatse, ga kasuwa jibi, ga maigida na hanya. Sabon soso kuwa ko a birni sai wane da wane. Na shiga ɗaki don kada a ji kukana, sai idona ya faɗa kan matasan kai na aurena, waɗanda Innata ta cusa da audugar rimi da hannunta, ta yi musu ado, na jera su a kan gado ban taɓa bari kan kowa ya hau su ba. Na daɗe ina kallonsu. Daga baya na ɗauko wuƙar nan na farke su. Na ɗinka jaka da farin ƙyalle, na cusa rimin a ciki da abin da ya tsira na soson a gefe-gefe, na bi da basilla ina ɗaurewa don kada ya taru wuri guda. Yadin ya ɗan tsuke bayan wanki, sai da Yaya Ige ta zagayo ta ja mini ina buga ƙusa da bayan gatari, tana ja tana yi mini tsiya. Da muka tayar da ita, sai ga ta ta karkata hagu, ƙusoshi kowace da inda ta dosa.

Ranar kasuwa da safe, maigidan bai riga ya iso ba, na ja ta na kai ɗakin gaba, na durƙusa da Amarya a bayana. Ƙullin kayansa na ɗaure a bakin ƙofa. Ya miƙa hannu ya shafa mazaunin, ya danna, ya sunkuya ya shinshina. Ya ce, "Amarya, kujerarki ta rame gehe guda." Sannan ya kama hannun kujerar ya yunƙura daga ƙasa. Gwiwa ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Ya dubi ƙofa, kowa ya tafi kasuwa. Na fara ja da baya don in nemo wani, sai na ji ya ce, "Ɗiyata." Na ɗauka da yarinyar yake, na tsaya ina jiran saƙo. Ya ce, "Ba da Amarya nike ba. Da ke nike. Zo ki kama man."

Ban san yadda na isa gare shi ba. Na sa hannu a hammatarsa na ɗaga, sai na ji ashe bai kai tulun ruwa nauyi ba, duk kwarjinin nan riga ce da rawani. Ya zauna, ya gyara, ya dafa hannuwan ya miƙe da kansa, ya koma ya zauna. Hawaye na bin fuskata, na rasa inda zan ɓoye su. Ya ce Allah shi yi mini albarka, shi ba ni mai kama ni ranar da tawa gwiwar ta ƙi. Sannan ya miƙo hannu na kwanto masa yarinyar, ya ɗora ta a cinya ya ce, "Ke kuma, in abin ya taso miki, ga rigata nan. Riga a kai ta rijiya. Uwarki ta gaji."

Da hantsi maigidan ya iso, har ya yi magana da mai mota. Ya tarar da mahaifinsa a kan kujera yana duba littafi. Ya ce, "Baba, mota na jira." Tsoho ko ɗaga kai bai yi ba, ya ce, "Wa yac ce maka za ni wani wuri?" Maigidan ya dubi karkatattun ƙusoshin, ya dube ni, ya ɗauki ƙullin kayan ya mayar ciki. Bai taɓa yi mini faɗa a kai ba, daga baya ma shi ke ba abokansa labari kamar shi ya ba da shawarar. Baba Malam ya ga daminar nan, ya ga ta bayanta, ya ga Amarya na gudu tana sace masa dabino. Bai sake yi mini magana kai tsaye ba, muka koma aika tafinta kamar da, kuma ban taɓa jin na rasa wani abu ba.

Yanzu ba mai bugun kujera ranar Alhamis, ba mai zagaye ƙafa da toka, suruka ma ta zauna ta yi hira da surukinta suna kallon talabijin, kuma ban ce laifi ba ne. Yadin kujerar ya koɗe, rimin ya kwanta, na sha ƙara masa. Amarya, wadda ita ma yau da jikokinta, takan ce, "Inna, ki bari a kai ta a sake mata yadi da soso." Nakan ce ta bar ta yadda take, ai aikinta ne. Addu'ar tsoho ta kama ni, ina da masu kama ni, don gwiwar tawa ma ta fara ƙi. Amma na fi son in dafa hannuwan katakon nan in miƙe da kaina. Wani lokaci in na miƙe nakan koma in zauna in sake tashi, ina dariya ƙasa-ƙasa, bayan na duba na tabbata ba mai hango ni ta labule.